Yanayin Mu'amala ko Yanayin Nauyi: Da Wanne Za Ka Yi Lissafin Nutirino, Kwak da Kayon?

Duk wanda ya taɓa duba jadawalin ƙwayoyin asali da ake koyarwa a darasin fiziks ya san fasalinsa: kwak shida a sama, sai elektiron da 'yan'uwansa biyu, muwon da tawu, sannan nutirino uku a jere, na elektiron, na muwon da na tawu. Kallo ɗaya za ka ɗauka duk sunayen nan hanya ɗaya aka bi aka raɗa su, alhali kuwa da bambanci. Kwak an ba su suna ne bisa nauyinsu. Nutirino kuwa an raɗa musu suna bisa abokin hulɗarsu. Kwak b yana da nauyinsa na kansa, wajen GeV 4.2 (eV ma'aunin kuzari da nauyi ne a wannan fage; keV eV dubu ne, MeV miliyan, GeV biliyan), amma nutirinon elektiron ba shi da wani nauyi guda ɗaya da za a nuna a ce ga shi nan. A nan ne ɗalibai da yawa suke ɓata hanya, domin littafi ɗaya zai yi magana da harshen mu'amala a wannan babi, ya koma harshen nauyi a babi na gaba, ba tare da ya tsaya ya ce ya sauya ba.

Abin da nake so mu warware shi ne: in matsala tana gabanka, da wane harshe za ka rubuta ta? Da na ce nauyi, ina nufin wanda ƙwaya take ɗauke da shi ko'ina ta je, wanda ake aunawa da eV, ba jan da ƙasa take yi wa abu ba.

Duwatsu biyu a igiya ɗaya

Kafin a shiga lissafi, ga abin da na fi son nuna wa duk wanda ya kawo mini wannan tambaya. Samu igiya ka ɗaure ta tsakanin kujeru biyu, kada ka ja ta ta yi tsauri, bar ta da ɗan sako-sako. Rataya duwatsu biyu masu girma ɗaya a jikinta, kowanne da zarensa, tsayin zaren ɗaya, ka ɗan nisanta su da juna. Bar na dama a tsaye cik, ka jawo na hagu wajenka ka saki. Da farko na hagu ne kaɗai zai riƙa lilo. Zuba ido. Sannu a hankali na dama zai fara motsi, na hagu yana lafawa, har a kai gaɓar da na hagu zai tsaya kamar an kama shi da hannu, na dama kuwa yana lilo da dukkan ƙarfin da ka zuba. Jim kaɗan abin ya juyo, lilon ya koma inda ya fito. Na sha yin wannan, kuma har yau in na ga dutsen ya tsaya shi kaɗai babu wanda ya taɓa shi, sai na ji abin ya taɓa ni.

Yanzu sake salo. Jawo su biyun tare, ka sake su lokaci guda: za su yi ta tafiya tare, babu mai karɓe wa wani. Ko ka ja ɗaya gaba, ɗaya baya: haka za su ci gaba da saɓa wa juna har su gaji. Waɗannan salo biyu ba sa rikiɗa. Kowanne yana da saurin bugunsa, kuma saurin ɗaya ya ɗan ɗara na ɗayan. Abin da ka yi tun farko, da ka ja na hagu shi kaɗai, haɗa salon biyu ka yi rabi da rabi. Da yake bugunsu ba ɗaya ba ne, takunsu yana saɓawa yana sake haɗuwa, shi ya sa lilon yake kai da kawowa.

"Na hagu yana lilo" da "na dama yana lilo", su ne yanayin mu'amala: abin da hannunka yake iya kamawa ya ja, abin da idonka yake gani. "Tare" da "saɓani" su ne yanayin nauyi: salon da yake tafiya da lokaci bai canja kama ba. A kimiyyar kwantam kowace ƙwaya tana da bugu irin wannan, saurin bugun yana bin kuzarinta, kuzarin kuma yana bin nauyi. Saboda haka abin da yake da tsayayyen nauyi shi ne yake da tsayayyen bugu. Riƙe abu ɗaya kuma: in ka gajarta zare ɗaya sosai, lilon ba zai ƙaura gaba ɗaya ba, ɗan kaɗan ne zai tsallaka. Wannan shi ne gauraya kaɗan, kuma za mu gamu da shi a wajen kwak.

Nutirino, inda dole ka riƙe duka biyun

Nutirino ba ya jin ƙarfin lantarki, ba ya jin ƙaƙƙarfar mu'amalar da take ɗaure cibiyar zarra. Ta rarraunar mu'amala kaɗai ake haifarsa a ɗakin gwaji, ta nan kuma ake kama shi. Duk lokacin da ƙwayar W, mai ɗaukar rarraunar mu'amala, ta shiga tsakani, nutirino yana zuwa ne tare da abokin tafiya mai caji. In abokin elektiron ne ko kishiyarsa (takwararsa mai akasin caji), sai a ce nutirinon elektiron. In muwon ne, a ce na muwon. Iyakar ma'anar sunan ke nan. Da haka Lederman, Schwartz da Steinberger suka gane a 1962, a Brookhaven ta Amurka, cewa nutirino ba iri ɗaya ba ne: waɗanda aka haifa tare da muwon, da suka bugi na'ura, muwon suka fitar, ba elektiron ba.

Amma tsakanin haihuwa da kamu akwai tafiya, kuma a sarari babu W da zai tambayi nutirino sunansa. Masu tafiya su ne ν1, ν2 da ν3, kowanne da nauyinsa. Jadawalin da yake fassara wannan harshe zuwa wancan ana kiran sa PMNS, da sunan Pontecorvo, wanda ya fara kawo tunanin rikiɗar nutirino a 1957, da Maki, Nakagawa da Sakata, waɗanda suka rubuta gaurayar a 1962. Bisa awon da aka yi, nutirinon elektiron kusan kashi 68 cikin 100 ν1 ne, wajen kashi 30 ν2, ɗan abin da ya rage, kashi 2 da ɗoriya, ν3. Kusurwoyin gaurayar uku ne: ɗaya wajen digiri 33, ɗaya daf da digiri 45, ƙaramar kuma wajen digiri 8.5. Gauraya ce mai yawa, kusan irin ta duwatsu masu zare ɗaya.

Bari mu ɗauki gwaji ɗaya mu bi shi daki-daki. A Tokai, gabashin Japan, gwajin T2K yana harba nutirinon muwon masu kuzarin da ya kai GeV 0.6, ana tarbarsu a Super-Kamiokande, tankin ruwa tan 50,000 da ke ƙarƙashin dutse a Kamioka, nisan kilomita 295. A Tokai ka rubuta da harshen mu'amala, domin payon ne, wata ƙwaya mai kwak da kishiyar kwak a ciki, ya wargaje ya ba da muwon da nutirinonsa. Da ya bar wurin, fassara shi zuwa ν1, ν2, ν3, ka bar kowanne ya yi bugunsa. A Kamioka ka sake fassarawa, domin abin da na'ura take gani shi ne zoben hasken da muwon ko elektiron ya bari a ruwa: na muwon gefensa a tsaftace, na elektiron a dushe saboda yana watsuwa. In aka taƙaita zuwa iri biyu, yiwuwar rikiɗa ita ce sin²2θ sau sin²(1.27 Δm² L/E), inda θ take kusurwar gauraya, L nisa a kilomita, E kuzari a GeV, Δm² kuma bambancin murabba'in nauyi a eV². Saka 0.0025 a Δm², 295 a L, 0.6 a E: za ka samu 1.56, daf da rabin π, wato daidai lokacin da dutsen hagu ya tsaya cik. Ba dace aka yi ba, da gangan aka zaɓi kuzarin ya dace da nisan.

Da wannan ma'auni ɗaya za ka fahimci dalilin da ya sa kowane gwaji yake inda yake. Tashoshin nukiliya suna fitar da kishiyoyin nutirino masu kuzarin 'yan MeV kaɗan, sai Daya Bay ta ƙasar Sin ta ajiye na'urorinta ƙasa da kilomita 2 daga tasha, ta auna ƙaramar kusurwa a 2012. Ɗaya bambancin murabba'in nauyin, 0.000075 eV², ya gaza na farko sau talatin da ɗoriya, shi ya sa KamLAND ta Japan ta dogara da tashoshin da matsakaicin nisansu ya kai kilomita 180. Shi kansa Super-Kamiokande, a 1998, duniya ya mayar filin gwaji: nutirinon muwon da aka haifa a samaniyar da ke bisa kansa sun iso cif, waɗanda suka keto duniya daga ɗaya ɓangaren, tafiyar da ta kai kilomita 12,700, kusan rabi sun ɓace.

A nan babu batun zaɓar ɗaya a jefar da ɗaya. Wanda ya nace wa harshen mu'amala kaɗai ba zai iya faɗin dalilin ɓacewar ba. Wanda ya nace wa harshen nauyi kaɗai ba zai iya faɗin abin da na'ura za ta ƙirga ba.

Me ya sa kwak ba ya lilo?

Kwak ma suna gauraya. Cabibbo ne ya nuna haka a 1963 da kusurwa ɗaya, wajen digiri 13. Abin da W yake haɗawa da kwak u ba d zalla ba ne, d ne da ɗan s a ciki, ana rubuta shi d′. A 1973 Kobayashi da Maskawa suka faɗaɗa abin zuwa zuriya uku, wato kwak bibbiyu sau uku, tun ba a ga kwak na huɗu ba ma, suka nuna cewa da zuriya biyu kusurwa ɗaya ce tak, da uku kuwa kusurwa uku ce da wata lamba ta huɗu da take ba ƙwaya damar saɓa wa kishiyarta a hali. Jadawalin CKM ke nan, da sunan su ukun. Lambobinsa sun sha bamban da na nutirino: u da d 0.974, u da s 0.225, c da b wajen 0.04, u da b kuwa 0.004 kacal. Duwatsu ne masu zare mabambanta ƙwarai.

To ga tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta. Tunda fasalin lissafin ɗaya ne, me ya sa ba a taɓa cewa d′ ya kama hanya yana rikiɗa zuwa s′ ba? Amsar tana wajen girman tazarar nauyi. Kwak d 'yan MeV ne, s ya haura MeV 90, b ya haura MeV 4,000. In W ya fitar da ɗayansu, kuzari da saurin sauran ƙwayoyin da suka fito tare da shi sun riga sun tona wanene. Ga shi kuma kwak ba ya yawo shi kaɗai, nan take yake shiga cikin wata ƙwaya, kuma payon mai MeV 140 ba ya ɓoyuwa a rigar kayon, ɗan'uwansa mai ɗauke da kwak s ko kishiyarsa, mai MeV 494. Da zarar an iya sanin wane nauyi aka haifa, ko da ba wanda ya duba, haɗakar ta watse, lilo ya ƙare tun bai fara ba. Haka yake ga elektiron, muwon da tawu, masu MeV 0.511, 105.7 da 1,777. Ba sa lilo saboda wannan dalilin.

Nutirino kuwa tazarar nauyinsa ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na eV ba, kuma ana haifarsa da kuzarin miliyoyin eV. Babu abin da ya rage a wurin haihuwar da zai nuna ko ν1 ne ko ν2, shi ya sa suke fita a haɗe.

Saboda haka in aikinka kan kwak ne, rubuta da harshen nauyi daga farko har ƙarshe, ka ajiye gaurayar a mahaɗar W a matsayin lamba. Nutiron ya wargaje, ka ninka da 0.974. Kayon mai caji ya wargaje zuwa muwon, ka ninka da 0.225. Amfanin d′, s′ da b′ yana wajen rubuta ka'idar tun tushe, inda ake son a ga yadda rarraunar mu'amala take jera ƙwayoyi bibbiyu. A can ne ake ganin asalin matsalar: filin Higgs, wanda yake ba kwak nauyi, bai jera su yadda W ya jera su ba. Jadawalin CKM shi ne saɓanin jeren biyu. Kuma saɓanin kaɗai ake iya aunawa. Ɗora gaurayar a kan d, s, b maimakon u, c, t al'adar marubuta ce kawai, da an juya ta babu sakamakon gwajin da zai canja.

Akwai wurin da zaɓin ba ya da tasiri ko kaɗan, kuma yana da kyau a san shi. Ƙwayar Z, 'yar'uwar W marar caji, da foton na haske, da guluwon na ƙaƙƙarfar mu'amala, ba su damu da wane harshe ka yi ba, domin juyin yana soke kansa a mahaɗarsu. Glashow, Iliopoulos da Maiani sun nuna a 1970 cewa sokewar ba za ta cika ba sai da kwak na huɗu, aka kuwa gano shi a 1974. Wannan siffar ce gwajin SNO na Sudbury a Kanada ya ci moriyarta da tan 1,000 na ruwa mai nauyi. Ta hanyar W yana ƙirga nutirinon elektiron kaɗai, ta hanyar Z yana ƙirga kowa da kowa. A 2001 da 2002 sakamako ya fito: jimillar nutirinon da take zuwa daga rana ta dace da lissafin John Bahcall, amma wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na elektiron. Gibin nutirinon rana, wato ƙirgar da ta gaza lissafi, da Ray Davis ya fara gani tun ƙarshen shekarun 1960 a mahaƙar Homestake ya sami bayani. Kajita na Super-Kamiokande da McDonald na SNO suka karɓi kyautar Nobel a 2015.

Kayon: wace mu'amalar kake nufi?

A ganina babu inda ya fi koyar da wannan darasi kamar kayon marar caji, kuma shi ne ya riga kowa, domin Gell-Mann da Pais sun yi bayaninsa tun 1955. Ana haifar K0, mai ɗauke da kishiyar kwak s, ta ƙaƙƙarfar mu'amala, misali in payon ya bugi furoton. Ita wannan mu'amala tana bambanta K0 da kishiyarsa sarai. Amma rarraunar mu'amala tana iya mayar da ɗaya ya zama ɗayan, don haka masu tsayayyen nauyi haɗakarsu ce guda biyu. Ƙarin abin da ke nan shi ne kowace haɗaka tana da tsawon ranta. Mai gajeren rai, KS, yana wargajewa zuwa payon biyu, tsawon ransa in aka ninka da saurin haske bai wuce santimita 2.7 ba. Mai dogon rai, KL, nasa ya haura mita 15, wato ya fi ɗan'uwansa daɗewa sau ɗari biyar da wani abu. Nauyin kowannensu wajen MeV 498 ne, bambancinsu kuwa 0.0000035 eV. Wannan ƙanƙantar tazarar ce ta sa su lilo, duk da cewa kwak ɗin da ke cikinsu ba sa yi.

Dubi yadda harshe yake sauyawa a bututu ɗaya. A bakin bututu K0 ne zalla. Bayan 'yan mitoci KS ya ƙare, saura KL, wanda kusan rabinsa K0 ne, rabi kishiya. Sanya farantin ƙarfe a hanya. Cibiyoyin zarra suna hulɗa da ƙaƙƙarfar mu'amala, kuma sun fi haɗiye kishiyar K0 a kan K0. Daidaiton ya karkace, sai ga KS ya sake bayyana a bayan farantin, wanda ya riga ya mutu tun can baya. Pais da Piccioni ne suka yi hasashen wannan farfaɗowa, gwaji kuma ya tabbatar. Ko wajen mutuwa ma hanya biyu ce: wargajewa zuwa payon biyu tana zaɓar kusan KS zalla, amma wargajewar da take fitar da elektiron tana tona ko K0 ne ko kishiya, ta cajin abin da ya fito. Na ce kusan, domin a 1964 Cronin da Fitch da abokan aikinsu sun ga KL yana fitar da payon biyu masu caji wajen sau 2 cikin 1,000, shaidar farko cewa ƙwaya da kishiyarta ba su yi daidai a hali ba.

Abin da kayon ya koya mini shi ne, yanayin mu'amala ba abu guda ba ne da aka kafa. Sai ka faɗi wace mu'amala, a wane wuri. Yanayin nauyi kuwa, in ƙwaya tana sarari ita kaɗai, ɗaya ne ko wa ya tambaya.

In tafiyar ta bi ta cikin abu

Akwai sharaɗi a maganar da na yi yanzu: a sarari. Nutirinon da yake ratsa rana ko ƙasa yana wucewa ta cikin elektiron marasa adadi, kuma na elektiron kaɗai ne yake iya hulɗa da su ta hanyar W. Wannan yana ƙara masa ɗan kuzari da sauran biyun ba su samu ba, kamar ka ɗan taɓa tsayin zaren dutse ɗaya. Salon da ba sa rikiɗa sai su zama wasu daban, masu bin yawan elektiron da ke wurin. Wolfenstein ya nuna haka a 1978, Mikheyev da Smirnov suka fito da abin da yake haifarwa a rana a 1985.

A tsakiyar rana cunkoson ya kai wajen giram 150 a kowane santimita kubik. Nutirinon elektiron mai babban kuzari, irin wanda boron-8 yake fitarwa, ana haifarsa kusan kacokan a salo na biyu na wannan wuri. Yana fitowa cunkoson yana raguwa a hankali, salon yana sauya kama tare da shi, har ya bar rana a matsayin ν2 kusan zalla. Daga nan ya yi tafiyar kilomita miliyan 150 bai yi lilo ko sau ɗaya ba, domin mai tsayayyen nauyi ba ya rikiɗa. Da ya iso, yiwuwar a kama shi a matsayin na elektiron ita ce rabon elektiron da ke cikin ν2, kashi 30 ɗin nan. Kashi ɗaya cikin uku na SNO ke nan. Wanda ya ɗauko lissafin sin² na sarari ya ɗora a kan wannan, in ya ɗauki matsakaicin lilon, amsarsa ba za ta taɓa sauka ƙasa da rabi ba, kuma zai rasa inda kuskuren yake. Masu ƙaramin kuzari kuwa cunkoson bai dame su sosai ba, nasu lilon ne yake gogewa saboda nisa da faɗin wurin haihuwa. Ka ninka kowane rabo da kansa ka tara, 0.68 da 0.30 da 0.02, za ka samu wajen 0.55, kuma abin da Borexino ya auna a Gran Sasso ta Italiya ya dace da haka.

Shawarata a nan kashi biyu ce. In kwamfuta za ka ba aikin, harshen mu'amala ya fi sauƙi, domin a cikinsa tasirin elektiron lamba ɗaya ce a kusurwar jadawali. In fahimta kake nema, yi tunani da salon da ke tafiya a wurin. Haka kuma duk nutirinon da ya fito daga nesa ƙwarai, kamar waɗanda IceCube yake kamawa a ƙanƙarar kudancin duniya, ɗauke shi a matsayin ν1, ν2 ko ν3, kowanne da kasonsa, ka manta da taku.

Foton da Z ma 'ya'yan gauraya ne. A tushen ka'ida akwai filaye biyu marasa caji, B da W3, filin Higgs ya haɗa su, ɗaya haɗakar ta fito babu nauyi, ɗayar da GeV 91. Da tazara irin wannan, ba wanda yake neman B a na'ura.

Wanne ne ƙwayar gaske?

In aka matsa mini in zaɓi ɗaya in kira shi ƙwaya, yanayin nauyi zan zaɓa, ba tare da jinkiri ba. Shi ne yake da nauyi, da tsawon rai, da saurin tafiya, shi ne kuma za ka bari yau ka dawo gobe ka tarar bai canja ba. Yanayin mu'amala bayani ne na ƙofar da aka shigo da wadda za a fita. Ba raina shi nake yi ba, domin duk abin da muka sani game da nutirino ta waɗannan ƙofofi muka san shi. Amma ɗalibin da ya ɗauki nutirinon elektiron a matsayin abu mai zaman kansa, zai ga rikiɗarsa kamar sihiri. Wanda ya fara da ν1, ν2, ν3 zai ga babu abin da ya rikiɗa a hanya, taku ne kawai ya saɓa.

Wannan zaɓi yana kare ka daga tarkon da ke cikin kalmar "nauyin nutirinon elektiron". Gwajin KATRIN da ke Karlsruhe a Jamus yana auna kuzarin elektiron da tiritiyom yake fitarwa, daf da iyakarsa ta keV 18.6. Da na'urar tana da kaifin da za ta raba nauyin uku, da ta ga lanƙwasa uku a ƙarshen layin, kowace da girman rabonta. Tunda ba ta kai nan ba, abin da take aunawa matsakaici ne: murabba'in kowane nauyi a ninka da rabonsa, a tara. Shi ne aka iyakance ƙasa da eV 0.8 a 2022, sannan ƙasa da eV 0.45 a 2025. Gwajin lilo kuwa bambanci kaɗai yake gani, amma daga 0.0025 ɗin nan an san aƙalla ɗaya daga cikin ukun ya kai eV 0.05. Lambobin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba, kuma sai da harshen nauyi ake iya ajiye su gefe da gefe.

Don haka in ka zauna da matsala, tambayoyi biyu nake so ka fara yi wa kanka. A wannan gaɓar, ƙwayar hulɗa take yi ko tafiya? Kuma akwai abin da ya rage a wurin, ko a na'ura, da zai iya bambanta nauyin? In akwai, rubuta da nauyi, ka tara yiwuwar kowanne daban. In babu, fara da mu'amala, ka fassara, ka riƙe taku da kyau, ka sake fassarawa a ƙarshe.

Gwada su a kan DUNE, wanda ake ginawa yanzu a Amurka. Za a haifi nutirinon muwon a Fermilab kusa da Cikago, harshen mu'amala ke nan. Za su keta ɓawon ƙasa kilomita 1,300, inda elektiron ɗin duwatsu za su karkatar da salon tafiya, ta wata fuska ga nutirino, ta akasinta ga kishiyarsa, kuma wace fuska ce ta wa ya danganta da ko ν3 ne mafi nauyi ko mafi sauƙi. Sannan a kama su a tankunan ruwan argon, a ƙirga nawa suka fitar da elektiron, a cikin mahaƙar nan ta Homestake inda Davis ya ajiye tankinsa.